Ciwon Dajin Hanta: Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da ke Kashe Majinyata da Abin da ke Tsawaita Ransu

Ciwon dajin hanta yana cikin cututtukan da iyalai kan ji sunansu a ƙurarren lokaci, bayan an sha zirga-zirga tsakanin kemis da mai maganin gargajiya da ƙaramin asibiti, kuma tambayar farko da akan yi wa likita ita ce ko da sauran fata. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu jinya suka fi yi, kuma an amsa su ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin wanda ya san ta inda cutar ke kisa shi ne zai san inda zai tare mata hanya. Bayanin na gaba ɗaya ne. Hukunci a kan wani majinyaci sai likitan da ya duba shi ya kuma ga sakamakon gwaje-gwajensa.

Duk ƙarin da aka gani a hanta iri ɗaya ne?

A'a. Akwai dajin da ke tsirowa daga ƙwayoyin hantar kanta, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da HCC, kuma shi ne kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na duk dajin da ke farawa daga hanta. Akwai wanda ke tsirowa daga ƙananan hanyoyin ruwan matsarmama da ke cikin hanta, shi kuma bai kai na farkon yawa ba. Ban da waɗannan biyun, dajin da ya fara a hanji ko mama ko tumbi yakan yaɗu ya sauka a hanta, kuma maganinsa da lissafinsa na asalin inda ya fito ne. Akwai kuma ƙarin da ba daji ba ne sam, kamar ƙurjin da ya tara mugunya a hanta, wanda yake warkewa da magani. Wannan shafi yana magana ne a kan nau'in farko.

Yaya girman matsalar take a duniya?

Hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa da ƙasa da ke birnin Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami sababbin masu dajin hanta kimanin 866,000, kuma mutane kimanin 758,000 sun mutu da shi. Abin lura shi ne yadda adadin biyu suka yi kusa da juna, domin hakan yana nuna cewa mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa daɗewa. Shi ne na uku a jerin ciwukan daji masu kisa, bayan na huhu da na babban hanji. Ya fi yawa a gabashin Asiya da Afirka, ƙasar Mongoliya ce kan gaba, kuma maza sun ninka mata sau biyu zuwa uku wajen kamuwa.

Me ya sa likitoci ke cewa mai dajin hanta cuta biyu yake ɗauke da su?

Nan ne tushen maganar gaba ɗaya. Dajin mama ko na hanji yakan tsiro ne a gaɓar da take da lafiya, shi kuwa dajin hanta mafi yawanci yana tsirowa ne a hantar da ta riga ta shafe shekaru tana lalacewa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B ko nau'in C, ko shan giya, ko kitsen da ke taruwa a hantar masu ƙiba da ciwon sukari, duk suna sa hanta ta riƙa kumbura tana warkewa da tabo, tabo a kan tabo, har ta yi tauri ta ƙanƙance. Wannan yanayi shi ake kira sirosis, wato taurin hanta. A irin wannan hanta ne ƙarin yake fitowa.

Hanta ita ce ke tace dafi daga jini, ita ke ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, ita ke adana sukari, ita ke samar da furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. Saboda haka makomar majinyaci tana rataye a kan abu biyu, girman ƙarin da yaɗuwarsa, da kuma ƙarfin da ya rage wa hantar. Mutum biyu za su iya zuwa da ƙari mai girma ɗaya, a yi wa ɗaya tiyata ya rayu shekaru, ɗayan kuwa likita ya ce ba za a taɓa shi ba domin ragowar hantarsa ba za ta iya ɗaukar nauyin jikinsa ba. Ma'aunin da ake amfani da shi wajen auna wannan ƙarfi, mai suna Child-Pugh, yana duba abubuwa biyar: yawan sinadarin shawara a jini, yawan furotin ɗin albumin, saurin daskarewar jini, taruwar ruwa a ciki, da yanayin hankalin majinyaci. Daga nan a sa shi a aji A ko B ko C, kuma aji C shi ne mafi rauni.

Akwai togaciya guda mai muhimmanci ga mutanenmu. Ƙwayar nau'in B tana iya haddasa daji ko da hantar ba ta yi tauri ba, domin tana cusa kanta cikin ƙwayoyin halittar hanta. Shi ya sa akan ga matashi ƙaƙƙarfa, wanda bai taɓa shan giya ba, bai taɓa kwanciya asibiti ba, ya zo da ƙaton ƙari.

To, mene ne ainihin abin da ke kashe majinyacin?

Hanyoyin suna da yawa, kuma sau da yawa biyu ko uku ne ke haɗuwa a kwanakin ƙarshe.

Babbar hanyar ita ce gazawar hanta. Ƙarin yana ci gaba da cin naman hanta mai aiki har abin da ya rage ya kasa. A lokacin ne idanu ke yin rawaya da shawara, ciki da ƙafafu su kumbura, jini ya daina daskarewa da wuri, jiki ya rame ƙwarai alhali cikin yana ƙara girma. Wani lokaci ƙarin yakan kutsa cikin babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa hanta ya toshe ta, kuma idan hakan ta faru lamarin yakan yi sauri sosai.

Ta biyu ita ce aman jini. Idan hanta ta yi tauri, jinin da ke zuwa daga hanji yakan rasa hanyar wucewa, sai ya koma ta ƙananan jijiyoyin da ke bututun abinci da saman tumbi, su kumbura kamar tiyon da aka toshe bakinsa. Ranar da ɗaya ta fashe, majinyaci zai yi aman jini mai yawa ko ya yi baƙin bayan gida kamar kwalta, kuma yana iya rasuwa cikin sa'o'i idan ba a kai shi inda za a yi masa ƙarin jini a kuma ɗaure jijiyar ba. Wannan mutuwa tana da ciwo a zuciya, domin ana iya rage haɗarinta tun kafin ta zo, ta hanyar leƙa bututun abinci da na'ura a ɗaure jijiyoyin da suka kumbura, ko a ba da magani irin su propranolol ko carvedilol.

Ta uku ita ce shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ko cikin ruwan da ya taru a ciki. Mai taurin hanta garkuwar jikinsa tana da rauni, kuma zazzaɓin da mai lafiya zai jure yana iya kayar da shi. Idan mai kumburin ciki ya fara zazzaɓi ko ciwon ciki ko ruɗewa, a kai shi asibiti a ranar, kada a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne kawai a tsaya sayen magani a kemis.

Ta huɗu ita ce gazawar ƙoda, wadda kan biyo bayan gazawar hanta ko zubar jini ko shan magungunan ciwon jiki da ba su dace ba. Alamarta ita ce fitsari ya ragu sosai.

Ta biyar ita ce taɓuwar ƙwaƙwalwa. Idan hanta ta kasa tace dafi, musamman sinadarin amoniya da ke fitowa daga hanji, sai ya hau kai. Majinyaci ya fara barci da rana yana farkawa da dare, ya riƙa mantuwa, hannunsa na karkarwa, ya yi ta sambatu, daga baya ya shiga dogon suma. Iyalai da yawa kan ɗauka iska ce ko sammu, su jinkirta zuwa asibiti. Addu'a abu ne da ba a rabuwa da shi, amma ya kamata a sani cewa wannan ruɗewa tana da magani mai sauƙi, wato laktulos, ruwan magani mai zaƙi da ke sa bayan gida ya fita sau biyu ko uku a rana, kuma sau da yawa majinyaci yakan dawo hayyacinsa idan an gano abin da ya tayar da ita, kamar rashin fitar bayan gida ko zubar jini ko maganin barci.

Akwai kuma fashewar ƙarin kansa, inda jini ke malala cikin ciki farat ɗaya, majinyaci ya ji ciwo mai tsanani a gefen dama ya faɗi. An fi ganin wannan a Asiya da Afirka, inda ake zuwa da manyan ƙari. Sai yaɗuwar dajin zuwa huhu da ƙashi, da kuma faɗuwar sukarin jini, wadda kan sami masu babban ƙari ta sa su suma, musamman da asuba.

Akwai waɗanda wata cuta daban ce ke zama ajalinsu?

Akwai, kuma yawansu yana ƙaruwa a inda ake gano dajin da wuri. Wanda aka cire masa ƙari ya rayu shekaru yana iya rasuwa da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko wani dajin daban, musamman idan asalin ciwon hantarsa kitse ne da ciwon sukari. Saboda haka wanda ya tsallake tiyata bai kamata ya yi watsi da maganin hawan jini da na sukari ba. A cikin waɗanda aka gano a makare kuwa, kusan duka dajin ne ko gazawar hanta ke ɗauke su.

Tsawon wane lokaci mutum zai iya rayuwa bayan an gano cutar?

Rai a hannun Allah yake, kuma babu likitan da zai iya yanke wa mutum rana. Abin da likita ke da shi lissafi ne da aka tara daga dubban majinyata, wanda ke nuna tsaka-tsaki, ma'ana rabi sun wuce adadin, rabi ba su kai ba.

Tsarin da aka fi bi a duniya shi ne na asibitin Basalona da ke Sifen, wanda ya kasa cutar mataki biyar. A mataki na 0 da na A, inda ƙarin yake ƙarami, yawansa bai wuce guda uku ba, hanta kuma tana aiki, ana sa ran majinyaci ya wuce shekara 5 idan ya sami maganin da ya dace. A mataki na B, inda ƙarin ya yi yawa amma bai fita daga hanta ba, ana sa ran fiye da shekara 2 da rabi. A mataki na C, inda ya shiga jijiya ko ya yaɗu, magungunan zamani suna iya kai mutum kusan shekara 2. A mataki na D, inda hanta ta gaza ko majinyaci ya kwanta ba ya iya tashi, tsaka-tsakin wata 3 ne. Waɗannan alƙaluma na wanda ya sami magani ne, kuma wannan sharaɗi ne da bai kamata a manta da shi ba.

A Amurka, da duk kayan aikinta, kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke kai shekara 5 bayan an gano cutar. Idan an gano ta tana cikin hanta kawai adadin yakan haura kashi 35 cikin 100, idan kuwa ta yaɗu zuwa nesa bai kai kashi 5 ba.

Me ya sa lamarin ya fi muni a ƙasashenmu?

Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara bayanan majinyata fiye da 2,500 daga manyan asibitocin ƙasashen Afirka tara, ciki har da Najeriya da Gana da Kamaru da Sudan da Masar, ya nuna bambanci mai tayar da hankali. A Masar tsaka-tsakin rayuwa bayan gano cutar ya kai kusan wata 11, a sauran ƙasashen kuwa wata 2 da rabi ne. A Masar kimanin kashi 76 cikin 100 sun sami maganin dajin, a sauran ƙasashen kashi 3 ne kawai. Shekarun majinyatan ma sun bambanta, 58 a Masar, 46 a sauran. Wato cutar tana ɗauke magidanta ne a tsakiyar ƙarfinsu, lokacin da 'ya'yansu ke makaranta kuma iyayensu ke dogara da su.

Dalili na farko shi ne yadda ƙwayar nau'in B ke shiga jikinmu tun muna ƙanana. Jaririn da ya kamu a wajen haihuwa, kusan kashi 90 cikin 100 ƙwayar za ta zauna masa har abada, alhali babban da ya kamu bai kai kashi 5 cikin 100 ba ne take zame masa ta dindindin. Wanda ya ɗauka yana jariri, kafin ya kai shekara 40 hantarsa ta yi shekara 40 tana fama. Ƙwayar tana bi ta jini, daga uwa zuwa jariri, tsakanin yara ta raunuka, ta askar da ba a tsabtace ba wajen kaciya da tsaga da cire beli da ƙaho, ta reza ko abin yankan farce da ake yi wa mutane da yawa amfani da shi, ta allurar da aka maimaita, da kuma saduwa. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Dalili na biyu shi ne makara. Hanta gaɓa ce mai haƙuri, ba ta kuka sai abu ya yi nisa. Ƙarin da bai wuce girman ƙwan zabo ba ba ya sa ciwo, ba ya sa shawara, ba ya hana mutum zuwa gona ko kasuwa. A lokacin da aka fara jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ana ramewa, abinci ya fita daga rai, galibi an wuce matakin tiyata. Wanda yake jiran alama kafin ya je gwaji, a wannan cuta, yana jiran abin da zai zo masa a makare ne.

Dalili na uku shi ne kuɗi da ƙarancin kayan aiki. Hoton CT ko MRI, da tiyatar hanta, da sababbin magunguna, duk a manyan asibitoci kaɗan ake samunsu, kuma yawancin iyalai daga aljihunsu suke biya.

Wace alaƙa ce tsakanin gyaɗa da masara da wannan ciwo?

Gyaɗa da masara masu kyau ba su da laifi. Matsalar funfuna ce da ke kama su idan fari ya same su a gona ko an adana su da danshi, wadda ke fitar da dafin da ake kira aflatoksin. An gano dafin ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. Dafin yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji a jikin ɗan Adam, girki na yau da kullum ba ya kashe shi, kuma idan ya haɗu da ƙwayar nau'in B a hanta ɗaya haɗarin yakan ninka sau da yawa.

Abin takaici shi ne al'adar sayar da mai kyau a kasuwa a bar ƙwanƙwamammiya da mai baƙi-baƙi don ƙuli-ƙuli da kunun gida. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko leda har ya bushe sarai, a tsince wanda ya canja launi a zubar, a ɗora buhuna a kan katako nesa da ƙasa da bango. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona domin rage wannan funfuna.

Waɗanne magunguna ne ke tsawaita rai da gaske?

Masu iya warkarwa uku ne, kuma duka na matakin farko ne: yanke ɓangaren hantar da ke da ƙari, ƙona ƙaramin ƙari da zafi ta allurar da ake sokawa ta fata, da dashen hanta. Dashe shi ne kaɗai ke kawar da cutukan biyu tare, ƙarin da taurin hantar. Tun 1996 likitocin birnin Milan a Italiya suka nuna cewa idan ƙarin guda ne da bai wuce santimita 5 ba, ko kuma bai wuce uku ba kowanne bai haura santimita 3 ba, kimanin kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dashe suna kai shekara 4. Ana yin dashen a ƙasashe irin su Masar da Indiya da Afirka ta Kudu, yana da tsada ƙwarai, kuma bayansa akwai shan magani na tsawon rai.

A mataki na tsakiya akan zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa jijiyar da ke shayar da ƙarin, a zuba magani a toshe ta. A matakin da ya yaɗu kuwa sai magungunan sha ko na ƙarin ruwa. Sorafenib, wanda aka amince da shi a 2007, ya ɗaga tsaka-tsakin rayuwa daga wata 7.9 zuwa 10.7. A 2020 haɗin atezolizumab da bevacizumab ya zarce shi, inda daga baya aka ga wata 19.2 a kan 13.4 na waɗanda aka ba sorafenib a wannan gwaji. Ci gaba ne na gaske, sai dai an gwada su ne a kan masu hanta mai sauran ƙarfi. Ga wanda hantarsa ta kai aji C ba su da amfani, suna ma iya gaggauta gazawarta. Ya kamata iyali su tambayi likita ƙarara abin da ake sa ran samu kafin su sayar da gona ko gida.

Kada kuma a raina maganin ƙwayar cutar kanta. Mai nau'in B da aka gano yana da daji yana buƙatar tenofovir ko entecavir domin kare ragowar hantarsa.

Idan an yi tiyata an cire ƙarin, an warke ke nan?

Ba lallai ba ne. Cikin shekara 5 dajin yakan dawo wa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka yanke musu ɓangaren hanta, domin hantar da ta haifi na farko tana nan. Shi ya sa ake ci gaba da hoto duk bayan wata uku zuwa shida, kuma idan an kama wanda ya dawo yana ƙarami ana iya sake magance shi.

Ta yaya ake gano shi da wuri?

Mataki na farko shi ne kowane baligi ya yi gwajin nau'in B da nau'in C ko sau ɗaya a rayuwarsa. Gwajin jini ne mai sauƙi da ake yi a yawancin asibitoci. Wanda aka samu da taurin hanta, ko mai nau'in B da likita ya ga yana cikin haɗari, musamman idan wani ya taɓa yin dajin hanta a danginsa, ya riƙa yin hoton ciki duk wata shida, tare da gwajin jini na AFP, wani sinadari da kan ƙaru a jinin masu dajin hanta. An zaɓi wata shida ne saboda ya yi daidai da saurin girman ƙarin. Wani babban gwaji da aka yi a Shanghai a kan masu nau'in B fiye da 18,000 ya nuna cewa wannan bibiya ta rage mutuwa da kashi 37 cikin 100. Ga 'yan Afirka akan ba da shawarar farawa da wuri fiye da sauran jama'a, saboda cutar tana zuwa mana da ƙuruciya. A sani kuma cewa AFP yana iya fitowa daidai alhali akwai ƙari, don haka ba ya wadatarwa shi kaɗai.

Maganin gargajiya da magungunan kemis fa?

Duk abin da aka haɗiya hanta ce ke sarrafa shi, kuma hantar da ta raunana ba ta jure jiƙo da tsimin da ba a san ƙarfinsu ba. Likitoci suna yawan ganin majinyacin da ke tafiya da ƙafarsa ya shiga gazawar hanta bayan 'yan makonni yana shan haɗin da aka ce yana wanke hanta. Masu tallan cewa suna kawar da nau'in B gaba ɗaya cikin wata guda ba gaskiya suke faɗa ba, domin magungunan da ake da su yanzu danne ƙwayar suke yi. Nau'in C ne ke warkewa, da magungunan asibiti na mako 12, a fiye da kashi 95 cikin 100 na masu sha. Tsaga ciki ko yin ƙaho a kan kumburin yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

A ɓangaren kemis, mai taurin hanta ya nisanci diclofenac da ibuprofen da aspirin sai da izinin likita, domin suna jawo aman jini da gazawar ƙoda. Farasitamol ya fi su aminci matuƙar bai wuce giram 2 a rana ba. Giya kuwa ko kaɗan ba ta da wuri.

Idan likita ya ce ciwon ya ci ƙarfi, me ya rage wa iyali?

Abubuwa da yawa sun rage. Ana iya zuƙe ruwan cikin da ke hana numfashi, a ba da mofin gwargwadon da likita ya tsara domin ciwo, a magance ƙaiƙayi da tashin zuciya, a kiyaye bayan gida don hankali ya zauna. Tsoron cewa mofin zai zame wa majinyacin da ke matakin ƙarshe jaraba bai kai dalilin barinsa cikin azaba ba. Majinyaci ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya ci wani abu kafin barci, a rage masa gishiri da dunƙulen ɗanɗano idan cikinsa ya kumbura, amma kada a hana shi ƙwai da wake da kifi da nono, domin tsohuwar shawarar hana masu ciwon hanta furotin ƙara musu rama take yi. Game da azumi, wanda hantarsa ta fara gazawa yana cikin haɗarin faɗuwar sukari da bushewar jiki, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Akwai kuma batun ɓoye wa majinyaci abin da ke damunsa, wanda iyalai kan yi da kyakkyawar niyya. A ganinmu magidancin da ke da basussuka da amanar mutane da wasiyyar da yake son bari yana da haƙƙin sanin halin da yake ciki, a gaya masa cikin lallashi, gwargwadon abin da yake son ji.

Iyalan majinyaci suna cikin haɗari? Za a raba masa kwano ne?

Dajin kansa ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ƙwayar nau'in B kuma ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya ko gaisawa ko zama a ɗaki ɗaya, saboda haka babu dalilin ƙyamar majinyaci. Abin da ya wajaba shi ne matansa da 'ya'yansa da 'yan uwansa na ciki ɗaya su je gwaji, tunda wataƙila daga uwa ɗaya suka ɗauka. Wanda ba shi da ƙwayar a yi masa allurar rigakafi sau uku, wanda yake da ita ya shiga bibiyar likita. Reza da buroshin haƙori kowa ya riƙe nasa.

Ga jarirai, allurar farko tana da muhimmanci a cikin sa'o'i 24 na haihuwa, ko da a gida aka haihu, ba tare da jiran suna ba, sannan a cika sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Najeriya ta sa wannan rigakafi cikin jadawalin yara tun 2004. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kuma bayan wasu shekaru an ga dajin hanta ya ragu sosai a tsakanin yaranta. Mai juna biyu da aka samu da ƙwayar mai yawa a jini akan ba ta tenofovir a watannin ƙarshe na cikin domin kare jaririn, saboda haka duk matar da ta je awo ta nemi a haɗa mata da wannan gwaji.